Babana, Uban Wani a Ƙofar Silima

Ranar da muka binne Baba, zaurenmu bai ɗauki mutane ba. Tabarmi suka fita har bakin titi, suka karya kwana suka nufi masallacin unguwa, maƙwabta na ta fito da nasu. Ni ne ɗan fari, don haka ni aka zaunar kusa da liman, ni ake miƙa wa hannu ana cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ina ta amsawa. Amma tun kafin azahar na lura da wani abu. Mutum zai ba ni hannu, idonsa kuwa yana can ƙarshen tabarma yana neman wani. Da ya hango shi sai ya sake ni, ya tafi ya durƙusa a gabansa, a can hawayen za su zubo.

Wanda suke nema abokin wasan Baba ne. Sa'ana ne, ko na ɗan girme shi kaɗan. Iyayensa Yarabawan Ilori ne, Musulmi, a Sabon Gari aka haife shi, mahaifiyarsa tana sayar da atamfa a kasuwa. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Daga Fagge har Sabon Gari "Ɗan Baba" ake ce masa. Ni kuwa da Baban ya haifa, "Akawu" ake kira na, saboda aikin da nake yi a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a ƙofar silima ta zo, ta kasa shiga cikin gida wajen mata, ta tsaya a bakin zaure tana kuka tana cewa, "Kullum kusa da farantina yake yin wasansa, don jama'a su taru su saya. Bai taɓa faɗa ba, amma ni na sani." Wani mai busa ƙaho a gidan rawa, Kirista mutumin Zariya, ya cire malafarsa ya rungume ta a ƙirji, ya ce Baba ya taɓa kwaikwayonsa yana busa, har yadda kumatunsa ke kumbura da yadda yake ɗaga ƙafar hagu. "Na daɗe ina jin haushinsa," in ji shi. "Daga baya, in na leƙo ban gan shi ba, busar ma ba ta yi min daɗi." Wani tela ya karɓe da nasa labarin, wani direba ya ɗora. Kafin la'asar sai ga zaman makoki ya cika da dariya ƙasa-ƙasa. Liman ya yi gyaran murya don a nutsu, sai kuma na ga shi ma ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Kowa ya zo da Babansa. Ni ina zaune a tsakiyarsu ina lalube a zuciyata ko zan sami labari ɗaya mai ban dariya da ya faru tsakanina da shi, ban samu ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron in na yi shiru, wanda za a riƙa tunawa shi ne nasu, nawa kuwa ya bi shi kabari.

Baba ɗan kama ne. Tun yana saurayi yake bin kasuwanni da gidajen biki da wata tsohuwar riga mai faci kala-kala, yana wasa da maganar tuwo da fura, yana ba mutane dariya. Da aka buɗe gidajen silima a Fagge da Sabon Gari, sai ya ga inda jama'a suka koma, ya bi su. Wanda bai san titin nan ba da yamma bai san Kanon yanzu ba. Tun la'asar ake jingina alluna masu zanen kaboyi da bindigarsa, garmaho na ta juya faifan Indiya, hayaƙin tsire na tashi, masu rake da masu lemo suna kiran ciniki. Daga gidajen rawa kana jin ana gwada ƙaho da ganga, can gaba wani na gyara tsirkiyar goge. Wani lokaci 'yan wasan Ikko su sauka a jirgi da akwatunansu, su kama wani babban ɗaki su yi kwanaki suna nuna wasa. A tsakiyar wannan hayaniya Baba ke shimfiɗa buhunsa, ya yi wa masu jiran a buɗe ƙofa wasa har a kira magariba.

Bai taɓa shiga ya kalli fim ba, ko sau ɗaya, duk da mai gidan silimar ya sha cewa ya shiga kyauta. Labarin waɗanda suka gani yake saurare, ya gina nasa. Kaboyinsa kan zo Kano ya ci tsire mai yaji ya manta inda ya ɗaure doki. Ya kan ce, "Su na ciki inuwa ce a bango. Ni in ka taɓa ni za ka ji zufa." Yana da dokarsa: ba ya kwaikwayon gurgu, ba ya kwaikwayon mai i'ina, ba ya taɓa wanda aka yi wa mutuwa. Amma Bature mai awon gyaɗa, da Kwara, Balaraben nan mai kanti, yana rantsuwa ya faɗi a ciniki, da ɗan doka mai tumbi, waɗannan sun sha a hannunsa.

Duk wannan a bakin mutane na ji shi. Baba ya hana kowa a gidanmu zuwa inda yake wasa.

Baban da ni na sani, in ya dawo sai ya rataye rigar facin a ƙusa a zaure, ba ya shiga da ita cikin gida. Ya ɗauki buta ya daɗe yana wanke fuska, kamar akwai abin da yake so ya kankare. Inna ta kawo masa ruwan zafi da citta saboda maƙogwaro. In ƙannena suka kewaye shi suna cewa ya yi musu kaboyi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bari bakina ya huta." Shi kaɗai yake cin abinci. Da safe ya zauna a ƙofar gida da allura da zare yana gyaran rigarsa, yana bin masu wucewa da ido, ba ya cewa komai. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗa. Ina yaro "kai" ne, ko "wancan". Da na kama aiki ya sami mafita, na zama Akawu. Gwaggona ta sha gaya min, "Kunya ce, ɗan nan. Haka ake yi wa ɗan fari, ba ƙi ba ne." Na san haka. Sanin bai taɓa ƙosar da ni ba.

Sau ɗaya na karya dokarsa. Na riga na yi aure a lokacin. Na taso daga aiki a kan kekena, sai na ji ƙafata ta ƙi bin hanyar gida. Na jingina keken a jikin wata rumfa, na tsaya bayan taro inda ba zai gan ni ba.

Wasan da suke yi ranar shi ne wanda ya fi yi musu suna. Baba tsohon baƙauye ne, abokin wasansa kuma ɗansa ne da ya waye a birni, ya kawo uban kallon silima. Tsohon ya ga jirgin ƙasa ya taso a jikin bango, ya kwarma ihu, ya tattare riga zai gudu, sai ya tuna da ɗansa, ya dawo a guje ya rungume shi ya kare shi da jikinsa. "Ka take ni, ka bar min ɗana!" yake ce wa jirgin. Da haɗarin ya wuce sai ya riƙa shafa kan ɗan, yana duba kunnuwansa, yana ƙirga yatsunsa ko sun cika, yana cewa, "Ɗana, ɗana na kaina, ba abin da ya same ka ko?"

Mutane har faɗuwa suke yi don dariya. Wani kusa da ni ya dafa kafaɗata yana share hawaye, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin uba irin wannan?"

Na ce masa ban taɓa gani ba. Na ja kekena na tura shi da hannu har gida.

Daga ranar na soma lura da abubuwan da da ba na kula su. In abokin wasan ya zo gidanmu, Baba kan matsa masa a kan tabarmarsa, su sa hannu a ƙwarya ɗaya. Suna da maganganun da su kaɗai suka san ma'anarsu. Ɗaya ya ɗaga gira, ɗayan ya fashe da dariya. A zaurenmu na fara jin yadda dariyar Babana take, ta bayan ƙyaure. Kuma mutumin nan bai taɓa yi min laifi ba. "Yaya" yake ce min, ya rusuna ya gaishe ni, ya kawo wa matata tsarabar kasuwa. Da mugu ne da na sami sauƙi.

Rigima ɗaya muka taɓa yi da Baba. Wata shekara ciwon shawara ya kwantar da abokin wasan, ana saura kwana kaɗan salla, lokacin da titin silima ke cika maƙil. Na sami Baba a zaure yana naɗe buhunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, in ka yarda ni sai in tsaya maka. Na san wasan."

Ya ɗago ya dube ni. "A ina ka san shi?"

"Na gani."

"Na ce kada kowa ya je."

"Na je, Baba. Kuma zan iya. Ɗan da ya waye a birni ne, ai ni ne ma ba sai na kwaikwaya ba."

Ya ci gaba da naɗe buhun. Ya ce, "Ban kai ka makaranta don ka tsaya a titi ana nuna ka da yatsa ba. Kai kana da kujera da tebur. Ka san abin da ake ce wa ɗan kama in ya juya baya?"

"To shi fa? Shi ba a nuna shi?"

"Shi ba ni na haife shi ba."

"To ka daina ce masa ɗanka."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Inna ta leƙo daga cikin gida ta koma da sauri. Baba ya ce, "Gobe kana da aiki, Akawu." Ya sa takalmansa ya fita. Duk sallar nan bai yi wasa ba. A Sabon Gari ya yi ta, zaune a gefen gadon mara lafiya, yana jiƙa masa saiwoyi yana yi masa fifita.

Sai kuma shekarar da gari ya rikice tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka yi ta sara da ƙone-ƙone. Abin ya same ni a tasha, aka rufe mu a ciki, ba mai fita. Muna jin ihu daga nesa, muna ganin hayaƙi. Ni dai tunanina yana gida. Da ƙura ta lafa na samu na dawo, sai na tarar da atamfofi jibge a ɗakina na zaure, abokin wasan da mahaifiyarsa suna zaune a kan tabarmata. Ashe tun da rana tsaka, lokacin da kowa ke kulle ƙofa, Baba ya ɗauki rigar facin nan ya sa, ya ratsa ta cikin masu sanduna da adduna. Duk ɓangarorin biyu sun san rigar, ba wanda ya taɓa shi. Ya je ya fito da su, ya ɗauko wa tsohuwar ƙunshin kayanta a kansa.

Da ya gan ni ya ce, "Akawu, ka dawo? Shiga ka ci abinci."

Inna ta ja ni gefe ta ce tunda abin ya fara bai sa komai a bakinsa ba, kuma duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi labarin tasha. Na yarda da ita. Na kuma san abin da ya yi abin alheri ne, wanda Fagge ba za ta manta ba, ni ma ina alfahari da shi. Amma tashar jirgi ba ta fi Sabon Gari nisa ba. Rigar da ya sa, ba don ni ya sa ta ba.

Ciwon ajalinsa a maƙogwaro ya kama shi, farkon daminar bana. Muryar ta fara dushewa, ta koma raɗa, daga baya ta ɗauke. Ni na kai shi asibiti, ni na kawo masu magani, ni nake juya shi in bayansa ya gaji. Ya kan bi ni da ido, wani lokaci ya riƙe bakin rigata kaɗan ya saki. Amma in abokin wasan ya shigo, sai fuskar ta buɗe. Da gira da yatsu kawai za su yi ta hira, har Baba ya yi dariyar da ba ta da sauti, tari ya sarƙe shi.

Da ya cika, da hantsi ne, ana yayyafi. Ƙanen Baba ya kira ni gefe ya ce, "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yayana ya bar wasiyya tun yana iya magana. Ya ce yaron nan na Sabon Gari ne zai yi masa wanka."

Na ce, "Baffa, ina raye?"

"Ya ce ba ya so ka ga abin da ciwo ya mai da shi."

"Ni da nake juya shi?"

 Na zauna a bakin ƙofar ɗakin ina jin ƙarar ruwa a ƙwarya. Can sai ƙarar ta tsaya. Labule ya motsa, abokin wasan ya leƙo, fuskarsa jage-jage da hawaye. Ya ce, "Yaya, don Allah zo ka kama min. Na kasa ɗaga kansa." Na shiga. Ni na tallafi kan Babana a tafin hannuna, shi yana zuba ruwa. Ban taɓa taɓa kansa ba sai ranar. Ba nauyi ko kaɗan. Ko wannan ma sai da wani ya ba ni izini.

Bayan an yi sadakar arba'in, abokin wasan ya zo ya ce min zai bar Kano. Ya gwada tsayawa shi kaɗai a ƙofar silima, da ya juya inda Baba ke tsayawa sai bakinsa ya mutu. 'Yan wasan Ikko sun daɗe suna nemansa, zai bi su. Ranar tafiyar na fito daga ofis na same shi a bakin tarago da akwatinsa na ƙarfe. Rana ta take, 'yan dako na ta kai da kawo da buhuna. Muka gaisa. Ni dai na san duk abin da ya rage na wasan Baba yana cikin mutumin nan, kuma jirgi zai tafi da shi.

Na ce, "Kafin ka hau, yi min wani abu nasa. Sau ɗaya kawai na taɓa ganinsa yana wasa."

"Wanne kake so, Yaya? Kaboyi ko Bature?"

"Wanda ya fi so."

Sai ya ajiye akwatin. Ya tsinci wani ɗan kara ya maƙala a bayan kunne. Ya sauke kafaɗar dama, ya ɗaure fuska, ya fara tafiya da ɗan sauri kamar wanda ake jira. Ya tsaya, ya duba agogon da babu a hannunsa, ya goge kan takalminsa a bayan ƙafar wando, dama sannan hagu. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya haɗiye, ya gyara wuyan riga.

Ban gane ba. Ina shirin tambaya sai 'yan dako suka fashe da dariya, wani ya jefar da buhunsa yana nuna ni. "Wallahi Akawu ne! Akawu sak!"

Sai a lokacin na gane ni yake kwaikwaya.

Abokin wasan ya cire karan daga kunnensa. Ya ce, "Kullum kafin mu fara, sai ya ja ni bayan katanga ya yi min kwaikwayonka. Ya ce in bai yi ba jikinsa ba ya saki. Akwai na lokacin da kake koyon tafiya, akwai na ranar da ka fara hawa keke, akwai na ranar ɗaurin aurenka. Na sha roƙonsa mu fito da shi fili, ya ce a'a. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne."

"Kai kaɗai yake yi wa?"

"Ni kaɗai, Yaya."

Har yau ban san ko daɗi na ji ko haushi ba. Ashe duk shekarun nan da yake zaune da allurarsa ni yake haddacewa. Kuma da ya gama haddace ni, wani ya kai wa.

Aka busa usur. Ya ɗauki akwatinsa ya hau, ya leƙo ta taga. Na bi taragon da sauri ina cewa, "Na koyon tafiyar fa? Yaya yake yin sa?" Ya buɗe hannuwa ya fara tangaɗi a bakin taga yana faɗin wani abu, amma ƙarar jirgin ta danne muryarsa, hayaƙi ya shiga tsakaninmu. Ban gani ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sanya dariyar da ya ba bayinsa a ma'aunin alherinsa. Allah ya kai wancan bawan nasa lafiya, ya ba shi sa'a a inda ya nufa. In kuma Allah ya ƙaddara mun haɗu a gidan rahama, na san jama'a za su kewaye Baba kamar yadda suka saba. Ba zan hana kowa ba. Roƙona kawai a matsa min in zauna a gaba.